Audugar Likkafanin Inna

A ƙasar Jazira, can gabas a kan hanyar Makka, idan aka gama tsinkar auduga, aka saki dabbobi suka cinye ganyen, akwai sauran aiki guda da ya fi noman kansa ɗaga wa mutane hankali. Sai an tumɓuke karan auduga kaf har saiwa, a share gona, a tara, a banka wuta. In an gama, sai mufattish, wato babban malamin gona na hukuma, ya bi garuruwa gida-gida yana bincike. Duk gidan da ya tarar da karan auduga, ko audugar da ba a cire wa angurya ba, to mai gidan ya yi sallama da hawasharsa. Hawasha kuwa ita ce gonar da hukuma ke ba mutum ya noma da ruwan tur'a, wato babbar magudanar ban-ruwa, kuma ita ce abincinsa, ita ce mutuncinsa. Ba don mugunta aka kafa dokar ba. Akwai wata jar tsutsa da ke shigewa cikin angurya ta kwanta abinta, ba ta mutuwa, sai sabuwar shuka ta fara 'ya'ya ta fito ta hau ta.

Maliki ya san wannan sarai. Yana zaune a wani ɗan ƙauyen Hausawa kusa da garin Hajj Abdalla, shekara shida bayan tafiyar Turawa. Mahaifinsa ya yi shekara ashirin da biyu yana ƙwadago a gonakin mutane kafin a ba shi hawasha, bai daɗe da samu ba kuma Allah ya yi masa rasuwa, aka mayar da ita sunan Maliki. A duk ƙauyen Hausawa biyar ne masu hawasha. Bara suka koma huɗu, don an samu damin kara ɗaya tak a rufin madafin ɗayansu, Mato, matarsa ta ɓoye don girki. Yanzu Mato yana bin gonakin wasu da buhu a wuya.

Shi Maliki mutum ne da ba ya iya barin abu rabi. Da ya gama tumɓuke nasa karan, sai da ya bi gonar da rarrafe yana lalube da hannu, kada guntun saiwa ya saura. Har tsiya ake yi masa, wai hawasharsa ta fi tabarmar liman tsabta. Haka yake da mahaifiyarsa, Inna Hannatu. Shi ke kai mata ruwan alwala kullum, shi ke yanke mata farce, bai taɓa bar wa matarsa Dije wannan ba.

Ran wata Talata da hantsi, ana zafin nan na kafin damina, sai ga Jibirin bisa jaki. Jibirin shi ne samad, mai tsayawa tsakanin manoma da mufattish.

"Maliki! Yau ne fa. Motar ta iso, za su fara daga gabas. Kai dai na san ba ka da matsala."

"Da izinin Allah," in ji Maliki.

Ya sake zaga gidan ko da yake jiya ma ya zaga. Ya duba danga, ya duba rufin madafi, ya tona tokar murhu. Yana karkaɗe hannu sai ya lura Dije ta tsaya da taɓarya, ba ta daka, ba ta ajiye ba.

"Baban Lami," ta ce a hankali, "ka leƙa ɗakin Inna?"

"Me zan gani a ɗakin Inna?"

Sai ta sunkuyar da kai. Maliki ya nufi ɗakin.

Ya yi sallama ya shiga. Inna na zaune bisa angare, gadon igiyar nan, da carbi a hannu. Ya gaishe ta, ya durƙusa kamar mai gyara mata takalmi, ya leƙa ƙarƙashin gadon. Ga tsohuwar tabarma an jingina ta tare wurin. Ya janye ta. Buhu ne cike fam, ya zura hannu ya ji laushi, ya ji ƙwayoyi. Kusa da shi ga masaki an rufe da faifai, cike da audugar da aka riga aka gurza, ga kuma wata 'yar ƙwarya cike da baƙar angurya.

Ya ɗago ya dubi tsohuwar.

"Inna, mene ne wannan?"

"Kaɗa ce," ta ce, haka take kiran auduga da bakin mutanen Sakkwato. "Ko ka manta kamanninta, Auta?"

"A ina kika samo?"

"Kala na yi. Ban taɓa na kowa ba. Abin da masu tsinka suka bari ne, wanda shanu za su ci, in shanu sun bari wuta ta ci. Tun ina yarinya a gida, kala rabon tsohuwa ce. Ba mai hanawa sai marar tsoron Allah."

"Inna, nan ba gida ba ne."

"Ni za ka hwaɗa wa? Shekara arba'in ke nan da muka taso da ubanka za mu Makka, ƙafa ta tsaya a nan. Makkar ban gani ba, gidan ban koma ba." Ta ajiye carbin. "Uwata da zarenta aka rufe ta. Kakata haka. Ubanka kuwa ina kallo aka tahi kasuwa aka yanko masa ƙyalle, ban san hannun da ya kaɗa ba, ban san wanda ya saƙa ba. Na ce ni dai ba za a yi mini haka ba. Akwai tsohon masaƙi a Hajj Abdalla, ya ce in na kawo zare zai saƙa mini ƙyalle biyar na mace. Likkafanina ne ka riƙe, Auta."

Maliki ya zare hannunsa daga buhun.

"Anguryar fa?"

"Miya za a yi. Wa ke zubar da angurya?"

Daga can gabas aka ji an bubbuga ƙyaure, aka ji muryar Jibirin yana neman iso. Gidan farko ke nan. Nasu na goma sha ɗaya ne.

Dije ta leƙo. "A jefa a tur'a mana. In na ɗora a kai da tulu wa zai kula?"

"Ruwa ya kai wa kowa gonarsa? A'a."

"To a bari su wuce gidan maƙwabcinmu Gado, a miƙa wa matarsa ta danga. Ba sa komawa inda suka duba."

"In suka koma fa? Mu jawo wa Gado abin da ya samu Mato?"

"To ka ce Inna ba ta da lafiya, maza ba sa shiga."

"Dije, ke kin daɗe da sani?"

"Ta ce in na faɗa maka ba ta yafe ba. Ya zan yi?"

Maliki ya kama wuyan buhun ya jawo shi waje da gado. Abu mafi sauƙi a duniya ya sani: ya kai bayan gida, ya zuba kananzir, kafin su iso gida na uku ya zama toka. Ya ɗaga buhun har ya saɓa a kafaɗa. Ya jira Inna ta yi masa faɗa, ko ta yi kuka, don ya samu abin riƙewa. Inna ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗauki carbinta.

"Tahi da shi," ta ce. "Kai ne mai gida."

Ya tsaya a bakin ƙofa da buhu a kafaɗa. Ya kalli hannayenta. Yatsun sun kumbura a gaɓa, sun lanƙwashe. Ya tuna watannin nan da take cewa za ta ɗan taka bayan la'asar don ƙafa ta saki, shi kuma yana murna wai tsohuwa ta samu ƙarfi. Ashe sunkuyawa take yi, kara-kara, tana tsintar abin da za a naɗe ta da shi. Shi da yake taƙama ba abin da ke damunta da bai sani ba.

Ya sauke buhun. Ya jawo ƙwaryar anguryar, ya zauna a ƙasa gabanta, ya tona da yatsa har ya samu abin da yake nema: ƙwaya biyu da suka manne da juna. Ya sa farce ya raba su, ya matsa kusa da hasken ƙofa.

"Inna, duba nan."

Ta sunkuyo. Wata 'yar tsutsa ja-ja ta motsa a cikin ramin ƙwayar.

"To sai mi?" in ji ta. "In an rufe ni ma ai su ne za su tarbe ni."

Dije ta kusa dariya, ta toshe baki da gefen zane.

"Ba ke za ta ci ba, Inna. In ruwa ya sauka za ta yi fiffike ta fita. Ba ta san hawashata ba, ba ta san ta Gado ba. Za ta faɗa ta Huseina, wadda ke noma ita kaɗai da marayu uku. Ba wanda zai san daga ɗakin nan ta fito. Amma ni na sani, yanzu ke ma kin sani."

Inna ta miƙo hannu. Ta karɓi ƙwayar a tafinta ta ƙura mata ido.

"Haƙƙin mutane ke nan," ta ce can.

"Shi ne."

"Ba ni shiga kabari da haƙƙin Huseina." Ta ture ƙwaryar da ƙafa. "Ƙone anguryar. Amma kaɗar mi ta yi? Tsutsa na cikin ƙwaya, ba cikin gashi ba."

"Gaskiyarki. Ina magurjinki?"

Ta nuna bayan randa. Ya ciro dutsen mai faɗi, wanda ya yi sulɓi don daɗewa, da siririn ƙarfen da ake murzawa a kai.

"Me za ka yi?" in ji Dije.

"Gurza. Abin da na iya cirewa kafin su iso, na Inna ne in Allah ya yarda. Sauran a ƙone."

"Aikin mata? Kai?"

"Kin iya?"

Dije ba ta iya ba. A Jazira aka haife ta, inda auduga daga gona sai ma'auni, ba ta kwana a gida.

"To a ƙone anguryar yanzu tun ba su zo ba," ta ce.

"In ya ga gurzajjiyar auduga bai ga angurya ba, zai ce mun ɓoye. Komai zan nuna masa."

"Ka nuna masa? Baban Lami, hawashar fa!"

"Je ki tsaya bakin danga, ki riƙa faɗa mini inda suke."

Ya ɗora ɗan dunƙule a dutsen, ya danna ƙarfen da tafukansa biyu, ya murza da ƙarfin da yake tumɓuke kara. Ƙwayoyin suka fashe, mai ya ɓata audugar ta yi ruwan ɗorawa.

"Kai! Kai!" Inna ta buge masa hannu. "Daka na ce ka yi? Shimfiɗa ta sirara. Kada ka danne, tura. Bari ƙwayar ta gudu gabanka da kanta."

Ya sake. Ya fasa biyu. Ya sake. A karo na huɗu ƙwayoyin suka gangaro gaban ƙarfen suka zubo ƙasa ƙwas-ƙwas, farin gashin ya saura a baya.

"Yauwa. Haka."

Ya shiga yi. Shi yana murzawa, Inna tana karɓa tana bin kowane dunƙule da yatsu kafin ta jefa a masaki. Ɗakin ya ɗauki zafi kamar tanda. Zufa na gangaro masa cikin ido, ba hannun sharewa.

"Sun fito daga gidan liman," in ji Dije daga waje. "Na huɗu ke nan."

Bai ɗaga kai ba. Ya gano in ya yi sauri ƙwaya na ɓuya a cikin gashin, in ya yi a hankali buhun ba ya raguwa. Ya zaɓi a hankali. Tafin hannunsa ya fara zafi, daga baya ya ji wani wuri ya yi ruwa ya fashe.

"Akwai hayaƙi a gidan Mahadi! Wayyo, sun samu wani abu."

"Kara ne?"

"Ban gani ba. Ga matarsa can tana kuka."

Ƙarfen ya zame wa Maliki ya fasa ƙwaya. Ya tsince wurin da ya ɓaci ya yar.

"Auta," in ji Inna, muryarta ta sauya. "Bari haka nan. Ɗauke duka ka ƙone, har na masakin. Ubanka ya sha wuya kan gonar nan."

"Miƙo wancan dunƙulen, Inna."

"Ba ka ji ni ba?"

"Na ji. Miƙo."

Ta miƙa masa.

"Sun shiga gidan Gado," Dije ta faɗa da raɗa, ta shigo da gudu. "Daga shi sai mu."

Ya duba buhun. Ko kashi ɗaya cikin huɗu bai ci ba. Ya gama wanda ke kan dutsen, ya share anguryar da ta zuba a ƙasa da tafinsa har ƙurar, ya juye a ƙwarya. Ya ɗaga tabarma ya duba, ya duba ƙarƙashin randa. Sannan ya fito da buhun tsakar gida, ya ajiye ƙwaryar kusa da shi, ya koma ya ɗauko masakin. Ya je ya buɗe ƙyaure tun ba a buga ba.

Jibirin ne a gaba, yana murmushi. "Janabu, ranka ya daɗe, wannan gidan ko ba mu shiga ba..." Sai idonsa ya sauka a kan buhun, maganar ta maƙale. Ya juyo ya ce da Hausa, "Maliki, kai? Kai da nake buga misali da kai?"

Mufattish ya shigo bayansa. Dogo ne, baƙi, da gajeren wando na kaki da littafi a hammata. Bai yi kama da mai fushi ba, ya yi kama da wanda ya gaji. Ya dubi kayan nan uku da aka jera masa.

"Ya Maliki, da shinu?" Wato mene ne wannan.

Maliki ya ba shi labari da Larabci, bai rage ba, bai ƙara ba. Ya ce kala ce, ya ce shi bai sani ba sai yau da hantsi, ya ce laifinsa ne da bai sani ba, don gidansa ne.

Mufattish ya tsuguna ya tona ƙwaryar. Bai daɗe ba ya samu mannanniyar ƙwaya, ya fasa, ya nuna wa Jibirin.

"Ka san dokar," ya ce wa Maliki.

"Na sani, janabu."

"Na ga hawasharka makon jiya. Ban ga irinta ba a duk yankin nan. Amma ba gona kaɗai ake dubawa ba. Mutumin can na bara, dami ɗaya ne. Kai ga buhu." Ya zaro littafin, ya ciro alƙalami.

Sai ga Inna ta fito tana dogara bango. A shekara arba'in ɗin nan ba ta yarda ta koyi Larabci ba, wai ita mai wucewa ce. Ta tsaya gaban mufattish, ko ƙirjinsa ba ta kai ba.

"Jibirin, hwaɗa mishi. Ni na tsinto, ni na ɓoye. In mutum zai kama, ga ni. Ka tambaye shi shi ba ya da uwa ne? Ko daga tur'a aka tsamo shi da wandon nan nasa da bai kai gwiwa ba?"

Jibirin ya share zufa. "Tana gaishe ka, janabu."

"Gaisuwar ta yi tsawo," in ji mufattish. "Maliki, me ta ce?"

Maliki ya fassara, har tur'ar, ya dai bar wandon. Mufattish ya ɗan motsa baki, bai yi dariya ba.

"Me za ta yi da audugar?"

"Likkafaninta, janabu. Da hannunta take so ta kaɗa."

Mutumin ya dubi tsohuwar, ya dubi yatsunta. Ya dubi dutsen gurza da ake hangowa ta ƙofar ɗaki, ya dubi tafin Maliki da ya sale.

"Wa ya gurza wannan?"

"Rabi ita, rabi ni."

"Tayyib, to shi ke nan." Ya mayar da alƙalamin aljihu, amma bai rufe littafin ba. "Buhu da angurya wuta, yanzu. Ta masakin nan kuma a shimfiɗa tabarma a juye. In gurzar ta fita, gashi ne kawai, ba ruwan tsutsa da shi. In akwai ƙwaya a ciki, to auduga ce mai angurya a cikin gida, ba ni da abin da zan yi maka."

Jibirin ya ja buhun tsakiyar fili ya juye anguryar a kai, ya cinna. Hayaƙi mai ƙaurin mai ya tashi. Inna ta juya wa wutar baya.

Dije ta shimfiɗa tabarma. Mufattish ya zauna a kan dugadugansa, ya ɗauki dunƙule, ya yage shi sirara, ya ɗaga wa rana, ya murza tsakanin yatsu, ya ajiye gefe. Ya ɗauki na biyu. Ba ya sauri. Angurya na ta fashewa a wuta. Maliki na tsaye yana bin hannun mutumin da ido, yana ƙoƙarin tuna kowane dunƙule: wannan na Inna ne, wannan nasa ne na farko-farko, wannan na lokacin da Dije ta ce akwai hayaƙi. A kan wannan ɗin mufattish ya tsaya. Ya sake murzawa. Ya tsinko wani abu baƙi ya duba. Guntun busasshen ganye ne. Ya hure shi.

Tulin hagu na raguwa, na dama na ƙaruwa. Da ya ajiye na ƙarshe sai ya karkaɗe hannu ya miƙe.

"Kwayis, ya yi kyau. Kwashe."

Dije ta sauke numfashi har sai da aka ji. Jibirin ya ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Maliki ya durƙusa yana tattara audugar cikin masaki. Ya kwashi runguma ɗaya, ya kwashi ta biyu. A ta uku, babban yatsansa ya taɓa wani abu mai tauri.

Ya tsaya. Ya sake dannawa. Ƙarama ce, ta naɗe a cikin gashi, amma ita ce.

Mufattish ya riga ya juya yana magana da Jibirin kan gida na gaba. Dije na naɗe tabarma. Ba wanda ya gani. Zai iya bari su fita ya jefa a wuta, tsutsa dai ba za ta tsira ba, ba a cuci kowa ba. Ya ce wa kansa haka sau biyu. Amma mutumin nan ya zauna a rana ya bi audugar nan don ya yarda da maganarsa. Kuma wannan ce za a naɗe Inna da ita.

"Janabu."

Mufattish ya waiwayo. Maliki ya miƙe, ya buɗe tafinsa.

"Innalillahi," in ji Dije. Jibirin ya dafe kai da hannu biyu.

Mufattish ya dawo a hankali. Ya ɗauki ƙwayar, ya juya ta, ya dubi Maliki ido cikin ido.

"Ka san abin da na ce."

"Na ji, janabu."

"To me ya sa?"

"Tana ciki."

Mutumin ya fasa ƙwayar da farce. Fara ce tas a ciki, ba komai. Ya jefa ta a wuta. Ya buɗe littafin, ya ciro alƙalami, ya yi rubutu layi biyu. Maliki na jin ƙarar bakin alƙalamin a kan takarda.

"Inzar na rubuta maka," ya ce. "Gargaɗi. Sunanka ya shiga littafi, kuma ba ya fita. In aka sake samun ko ɓawon angurya a gidan nan, ba sai na zo da kaina ba, za a karɓe gonar." Ya rufe littafin. "Hawasharka tana nan. Ka sake bin audugar nan kaf kafin rana ta faɗi, tunda idonka ya fi nawa. Jibirin zai zo ya gani."

Ya ɗan rusuna wa Inna. "Ma'alesh, ya hajja," wato ki yi haƙuri. Suka fita.

Maliki ya zauna a ƙasa inda yake. Dije ta kawo masa ruwa a moɗa, ta dangwarar da ƙarfi har ya fantsama.

"Da ka kashe ni yau," ta ce. "Wallahi da ka kashe ni." Ta shige madafi, aka ji tana jan hanci.

"Mi ya rubuta?" in ji Inna.

Ya faɗa mata. Ta jinjina kai. Ta matso ta zauna kusa da masakin, ta cusa hannu biyu ta ɗaga audugar tana auna nauyinta.

"Ƙyalle biyu," ta ce. "In na ja zaren siriri, ko uku."

"Ki gafarce ni, Inna. Ban kai miki biyar ba."

"Wanda zai taɓa jikina dai nawa ne. Na waje ka yanko a kasuwa, ban hana ba." Ta kamo hannunsa ta juya tafin, ta ga inda ya sale, ta yi tsaki. "Na ce maka tura, kana dannewa. Dije! In kin gama kukan kawo man shanu."

Wutar ta ci buhun ta kusa gamawa. Maliki ya tashi ya tona ta da sanda don kada wani gefe ya saura, ya jira har ta zama toka. Sannan ya dawo ya sake shimfiɗa tabarmar a inuwa, ya juye masakin, ya ɗauki dunƙulen farko ya ɗaga wa haske.